Tarwaɗar da ta rage a zaurena

Wauta dai na tafka ta kala-kala a rayuwata, har na taɓa sayen jaki mai ido ɗaya ban lura ba sai da muka iso gida. Amma wadda ko an tashe ni daga barci zan ba da labarinta ita ce ta akwatin kifi, don ta kusa raba ni da abokina na shekara arba'in. Ni karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma korata aka yi, saboda haka ku yi haƙuri da yadda zancen zai zo.

Surukina ne ya kawo mini akwatin daga Zariya, na gilashi, tsawonsa kamu biyu, faɗinsa taƙi ɗaya da 'yan yatsu. Ya ce masu kuɗi na zuba ƙananan kifaye masu launi a ciki don kallo. Na ce kifin da ba a ci ai ɓata ruwa ne. Na ɗora akwatin kan benci a zaurena a Gubuci, ranar kasuwa na hau mashin zuwa Makarfi wurin wata mata 'yar kudancin Kaduna da ke kiwon tarwaɗa a manyan kwatamai na siminti. Na ce ta ba ni 'ya'ya ashirin da huɗu. Ta tambayi girman wurin, na gwada mata da hannu. Sai ta ajiye rariyar da ke hannunta.

"Baba, wannan ko ɗaya ba zai riƙe ba in ta girma. Tarwaɗa tana kai tsawon hannunka."

Na ce, "'Yata, waɗannan da ba su kai ɗan yatsa ba? Kaji nawa ke kwana a akurkina?"

Ta ce, "Kai manomi ne. In ka zuba iri da yawa a rami ɗaya, ai kana dawowa ka rage. To su in ba ka rage su ba, za su rage kansu." Na yi dariya, na ɗauka irin zancen 'yan boko ne. Na ƙulle ledata na taho.

Watan farko ni ne sarkin unguwa. Kowa sai ya leƙo zaure. Wanda ya fi kowa zama shi ne abokina wanzami, wanda tun muna samari yake aske mini kai, kuma a zaurena yake shimfiɗa tabarmarsa yana jiran masu aski in na tafi gonar rake. Kullum tsokanata yake: "Alhajin kifi, yaushe za a yi mana romo? Ka ga waccan mai ƙaton kai, da kai take kama."

Sannu a hankali ruwan ya fara yin kore, har ba ka ganin komai sai inuwa tana gilmawa. Duk Juma'a nake kwashe su cikin daro in canza ruwa, a nan nake ƙirga su. Wata Juma'a na samu ashirin da ɗaya. Na sake ƙirgawa, haka. Na duba ƙarƙashin benci, na lalube ƙasan akwatin da hannu, babu gawa, babu ko ƙaya. Juma'a ta gaba sha bakwai. Na ce mage ce, na rufe da ragar waya na danne da dutse. Juma'a ta zagayo, dutse yana inda na bar shi, kifi sha uku.

Matata ta daina bi ta zaure, sai ta ƙofar baya. Ta ce, "Malam, tun ranar da ka ɗebo musu ruwan tsohuwar rijiyar nan ta gindin tsamiya na san ba su kaɗai ne a ciki ba." Na yi mata tsawa, amma ni ma na tsorata, don da tsakar rana in gari ya yi tsit ina jin wani sauti daga akwatin, ƙurr, ƙurr, kamar tsoho yana gyaran murya. In na juya sai in ga baki ya ɓullo saman ruwa, ya ja iska, ya nutse.

To mutum in tsoro ya kama shi, ya fi son ɓarawo da aljani. Na zauna na yi lissafi irin na ɗan aji uku: wa ke zama a zaure in ba na nan? Wa ke ta zancen romo? Ranar da suka koma tara, bayan la'asar, a gaban mutane, na ce masa, "Wanzam, in yunwa kake ji ka faɗa, ba sai ka riƙa zuba mini kifi a zabira ba." Yana tsakar wasa aska. Ya naɗe askarsa, ya naɗe tabarmarsa, ya fita. Kaina ya yi wata biyu ba aski, don kunya ta hana ni zuwa wurin wani, girman kai ya hana ni zuwa wurinsa.

Zaure ya zama kufai. Kuma kifi bai daina ɓacewa ba. Shida. Huɗu. Biyu.

Ranar da ba zan manta ba, da azahar ce, hadari ya haɗo daga gabas, zaure ya yi duhu, kowa yana gona. Ina zaune ni kaɗai sai na ji ruwa ya yi wani irin bugu, har dutsen ya motsa. Na matsa, na goge gilashin da hannun riga, na kanga ido. Fuska na gani daf da tawa. Mai ƙaton kan nan ce, gashin bakinta ya bazu jikin gilashi, kuma daga cikin bakinta wutsiyar 'yar uwarta ce a waje, tana kaɗawa a hankali. Ba ta gudu ba. Ƙananan idanun nan suna kaina, tana haɗiya kaɗan-kaɗan, har wutsiyar ta daina motsi, ta shige. Sannan ta yi ƙurr. Ni da nake cika bakin ba na tsoron komai, takalmi ɗaya na bari a zaure.

Da na natsu na dawo, sai na ga abin da na ƙi gani wata da watanni. Ta cika akwatin. Ba ta iya juyawa sai ta lanƙwashe, har gadon bayanta ya karkace ya zauna a haka. Ashirin da uku duk suna cikinta, kuma ni na tsare su tare na danne da dutse.

Washegari na tafi gidan wanzami da gashina buzu-buzu, na durƙusa. Ya biyo ni ya ga tarwaɗar. Babu wanda ya iya cewa a yanka, har shi mai zancen romo. Muka sa ta a daro muka kai kududdufin fadama. Ta daɗe a wuri ɗaya a lanƙwashe kafin ta nutse.

Abin da na koya shi ne, ba girman abu na yau ake aunawa ba, sai inda zai kai, kuma in mai sana'a ta ce maka wuri ya yi kaɗan, ka rufe bakinka. Sannan in abu ya ɓace a gidanka, ka fara duba abin da hannunka ya haɗa kafin ka dubi jakar wani.

A hanyarmu ta dawowa, wanzami yana riƙe da daron, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Ita dai wuri ne ya yi mata kaɗan ta ci 'yan uwanta. Kai da zaurenka ke ɗaukar mutum ashirin, me ya matse ka?"

Har yau shi ke aske mini kai.