Mama Rifkatu, Wadda Ta Hana A Gaji Waƙar Lai'atu

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Batsari da safe, mahauta na wasa wuƙaƙe, zai jiyo wata tsohuwa tana waƙa a gindin turmi, ko kuwa a ce tana kokawa da waƙa, don muryar ta dishe tuntuni, mai ita ce dai ta ƙi yarda. Mama Rifkatu Nomau ke nan. Gyaɗa take soyawa ta kai inji, ta dawo ta zuba a turmi tana kirɓawa har mai ya taso, ta murza ƙuli-ƙuli, duk bakin nan bai huta ba. In taɓarya ta sauka yadda take so sai ka ji ta ce, "Yauwa, tsaya nan, na kama ki!" Ba da kowa take ba, sabuwar waƙa ce ta faɗo mata. La'asar na yi za ta wanke hannu, ta ɗaura kallabin ƙungiyar zumuntar matan coci, ta sunkuci tulunta na kiɗa da guntun katifar da take bugun bakinsa da shi, ta nufi wurin gwajin waƙa. Sama da shekara arba'in tana wannan aiki a coci, ba albashi, ba ko sannu ta kirki. Bana ta ce ta gaji, za ta miƙa tulu ga masu jini a jika. To kafin ta miƙa, sai an ji wannan.

Son kiɗa a wurin matar nan ya wuce a ce sha'awa. In aka ce akwai taron waƙe-waƙe a Safana ko Katsina, ko zazzaɓi take sai ta hau babur, tulu a cinya. A gaba take zama, kusa da lasifika, samari na kaɗa jita tana jinjina masu, tana hararar manyan da suka naɗe hannu tana cewa, "Yabon Ubangiji kuka zo ko zaman makoki?" Kalangun mahauta ma in ya tashi ranar kasuwa, sai ta tsaya da farantin ƙuli-ƙuli a ka tana kaɗa ƙafa, masu saye na ta kira ba ta ji. Ranar Lahadi kuwa za ka tsinci wannan kiɗan a bakin tulunta, ta sato shi ko kunya babu.

Asalinta 'yar Gidan Ranau ce, wani ɗan ƙauyen Kiristoci manoma a gefen Ruma, daf da daji. A can ta kafa wata al'ada da ba ka samun ta ko'ina. Duk matar da ta shiga zumunta, Mama za ta zuba mata ido na ɗan lokaci, ta ga tafiyarta, ta ji yadda take kiran ɗanta daga nesa, sannan ta yi mata waƙar yabo tata ta kanta. Daga ranar waƙa ta zama tata. Ita kaɗai ke jan ta, sauran mata su amsa. Ko Mama da ta ƙago ta ba ta ja. In mai waƙa na jego ko ta yi tafiya, waƙar ta jira ta. Sai ranar da aka kai mace makwancinta, a bakin kabari Mama za ta kama hannun ɗiyarta ko ƙanwarta ta ce, "Ɗauko," shi ke nan an gaji waƙa. A Gidan Ranau in ka ji waƙar wance a bakin wata, ba sai an faɗa maka ba, wance ta rasu.

Cikin matan akwai Lai'atu, wadda aka auro wa Irmiya daga wajen Zakka. Tana amarya ta kai abinci gona, dawa ta yi tsawo, ta rasa hanyar gida, aka iske ta tana zagaye gonar surukinta tana kuka da kwano a ka. Mata suka sa ta gaba da tsiya har ta daina zuwa rijiya. Mama ta kwashe tsiyar nan ta mai da ita waƙa. Lai'atu ta ja, "Na ɓace cikin dawa, wa zai kai ni gida?" Mata su amsa, "Makiyayina ya san hanya." Muryarta siririya ce mai tafiya nesa, kuma duk cikin waƙoƙin zumuntar babu wadda ake so kamar tata.

Wata kaka, rana tsaka ana cirar gyaɗa, 'yan bindiga suka fito daga daji a kan babura. Suka kora shanu, suka tasa ƙeyar mutanen da suka samu a gona, har da Lai'atu. Gari ya watse. Wasu suka yi Safana, wasu Katsina, da yawa suka sauka Batsari. Kowa ya ɗauki abin da zai ci ko ya sa, Mama ta bar buhun gero ta ɗora tulu a ka. An yi mata dariyar baƙin ciki a hanya, ta ce su yi, in sun gama su matsa ta wuce.

A Batsari wani mahauci, Malam Armaya'u, ya ba ta ɗaki a bayan gidansa, ya kuma bar mata gindin darbejiyar da ke filinsa. Shi ma da nasa ciwon, don ƙanensa Nurain, wanda suke teburin nama ɗaya, an ɗauke shi a hanyar sayo dabbobi, ba labari. A gindin bishiyar nan Mama ta tattara matan da suka rage. Aka yi waƙar kowa, da aka zo kan ta Lai'atu sai mata suka dubi juna. Mama ta buga tulu, ta bar gurbin jan waƙa wayam, kiɗa kaɗai ke tafiya, da lokacin amshi ya zo ta ɗaga haɓa, mata suka amsa. Haka aka dinga yin ta.

Wata rana Malam Armaya'u ya kasa haƙuri, ya leƙo da wuƙa a hannu.

"Mama, ni ban san kan waƙoƙinku ba, amma ina da kunne. Wannan da kuke yin shiru sannan ku amsa, wa kuke amsa wa?"

"Mai waƙar tana daji, Malam."

"To wata ta ja mana, ga ku nan da yawa."

"In wata ta ja, mun binne ta ke nan. Ka ga gawarta?"

Malam ya tsaya yana dubanta. Sannan ya koma wurin namansa.

Waɗanda aka ɗauka suka dinga dawowa ɗaiɗai, ban da Lai'atu. Wani ya ce ya baro ta ba ta iya tafiya. Wani ya ce ya ji an ce ta cika. Damina ta zo ta wuce. Sai ga Irmiya a ƙofar Mama, ya rame ya zama abin tausayi, tare da Fasto Barnaba. Bayan an gama gaisuwa Irmiya ya durƙusa.

"Mama, na gaji. Duk Lahadi in kuka yi shirun nan, yaran nan sai su waiga su dubi ƙofar coci. Ni ke fama da kukansu a gida. Ki ba ɗiyarmu Alheri waƙar uwarta mu huta."

Fasto ya ce, "Mama, ba mugunta ba ce. Dattawa sun zauna, sun ga ya kamata a yi mata sujada, wato addu'ar coci da ake wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, gidan nan ya samu ya tsaya da ƙafarsa."

Mama ta yi kuka, don tana son Irmiya, kuma ta san gaskiya yake faɗa. Ta share fuska da bakin zane ta ce, "Baba Fasto, sujada taku ce ku dattawa, ban isa in hana ba. Amma waƙa a turmina na yi ta, kuma a bakin kabari nake bayar da ita. Ku nuna mani kabari, yanzun nan in kama hannun Alheri." Ta juya ga Irmiya. "Ɗana, mutanen nan sun kwashe shanu, sun kwashe hatsi, sun tashe mu daga garinmu. Yanzu kuma ni da bakina in kashe masu wadda ba su ma ce sun kashe ba? Ba da ni ba."

Aka yi sujadar, Mama ba ta je ba. Dattawa suka ce kada a ƙara yin waƙar a coci, ta ce to, ai gindin darbejiya ba na dattawa ba ne. Wasu mata suka janye jiki, suka ce tsohuwa ta cika taurin kai, tana gana wa marayu azaba. Kada kuma a ce ba ta ji tsoro ba, ta ji. Sau da yawa tana bugun tulun tana tambayar kanta ko zaluntar yaran nan take. Alheri kan laɓaɓo ta zauna gefe, ta amsa da sauran mata, ta tashi ta tafi.

Ke ce, Mama, da aka ce ki yi shiru don a zauna lafiya kika ce wannan shirun ba lafiya ba ce. Ke ce uwar waƙa da ba ki iya karatu ba amma ba ki taɓa haɗa waƙar wata da ta wata ba. An zage ki, an ƙaurace maki, an ce kin fi dattawa sani ne? Ba ki ce kin fi su ba, kin dai ƙi sakin abin da ke hannunki. Ba ki da bindiga, ba ki da ɗan'uwa a ofis, tulu ne da guntun katifa, da su kika tsaya.

Can bayan an fid da rai, wasu mata masu itace suka tsinci Lai'atu a bakin daji ta wajen Safana. Yadda aka yi ta fito da abin da ta gani nata ne, ba za a baje shi a nan ba. An yi murna, an yi kuka, amma da ta ji cewa an yi mata sujadar matattu sai ta shige ɗaki ta juya wa duniya baya. Ba coci, ba rijiya, ba magana. Mama ta je ta zauna bakin gadonta.

"Mama, ai kun binne ni," in ji Lai'atu, fuskarta na kallon bango.

"Su dai. Ni ba zan yi gardama da ke ba, ɗiyata. Ranar Asabar akwai taron waƙa na godiyar kaka. Ki zo ki zauna can baya, ba mai ce maki ki buɗe baki."

Taron ya cika. Aka kafa rumfuna a filin coci, janareta na ruri, mawaƙa sun zo daga Safana da Katsina. Malam Armaya'u ya kafa tukubar tsire a bayan shinge yana miƙa wuya. Samari suka yi ta kaɗa jita da ganguna, ƙura ta tashi, Mama na gaba tana rawa kamar ba ita ke kukan gwiwa ba. Da rana ta karkata aka kira matan Gidan Ranau. Kowa ya san dokar dattawa. Mama ta zauna, ta gyara tulu tsakanin ƙafafunta, ta dubi Fasto ido cikin ido, ta buga kiɗan Lai'atu.

Kiɗa ya tafi, ba mai ja. Mata suka amsa, "Makiyayina ya san hanya." Baƙi suka hau waige-waige, mai kula da lasifika ya tashi yana taɓa wayoyi, ya ɗauka na'ura ce ta lalace. Can baya, Lai'atu da ke lulluɓe ta kamo hannun ɗiyarta.

"Alheri, wa ke ja?"

"Ba kowa, Inna. Tun da kika tafi haka ake yin ta. Mama ta hana kowa."

Kiɗa ya zagayo, gurbi ya sake buɗewa, aka amsa. Ya ƙara zagayowa. Sai aka ji wata murya daga baya, ƙasa-ƙasa, "Na ɓace cikin dawa, wa zai kai ni gida?" Amshin da ya biyo baya, jama'a, ba matan Gidan Ranau kaɗai suka yi shi ba, filin ne gaba ɗaya. Irmiya ya rufe fuska da hula. Mama na kuka wiwi amma hannunta bai kuskure bugu ko ɗaya ba, har Lai'atu ta tako ta ratsa mutane ta iso gabanta tana ja.

Da aka gama Fasto Barnaba ya karɓi abin magana ya ce, "Mama, mun yi gaggawa, ki yafe mana." Ta ce ta yafe tun kafin ya tambaya. Lai'atu ta durƙusa ta riƙe ƙafarta.

"Ashe ba ki ba kowa ba, Mama?"

"In ba wa? Mai ita na raye. Sai dai kin ja ta ƙasa-ƙasa, Litinin ki zo gwaji."

Mun gode, Mama Rifkatu. Allah ya saka maki, ya sanyaya gwiwoyin nan, ya bar mana wannan disasshiyar murya. Duk wadda za ta karɓi tulu ta san ba kiɗa kaɗai ta karɓa ba. Mu kuma mutanen Batsari da Safana, Musulmi da Kirista, wane gida ne ba shi da wanda yake jira? Kada mu yi saurin raba kayan wanda ba mu ga kabarinsa ba, kada mu taya 'yan daji shafe sunan namu.

In kuna son ganin wanda ya riga mu ɗaukar darasi, ku je layin mahauta ranar kasuwa. Nurain bai dawo ba har yau. Rabin teburin Malam Armaya'u a share yake, wuƙar ƙanensa na ajiye a kai, kullum sai ya wasa ta. Mahauta da dama sun roƙe shi ya ba su gefen su kasa nama, ga ciniki ga wuri na zaman banza. Ko ɗaga kai ba ya yi, yana yanka yake ba su amsa.

"Wurin nan da mai shi."