Wanda Muke Kira Gobe

A ƙungiyarmu ta kurame a Albacete ba wanda ke zaɓa wa kansa suna. Sunan takarda na masu ji ne. Na maganar hannu kuwa jama'a ke laƙa maka, daga abin da suka gani a jikinka ko a halinka. Nawa Dutsen Guga, don shekara talatin na yi ina goge zannuwan otal. Na Fulgencio, Gobe.

Mai gyaran wuta ne, kuma ya iya, ba zan rage masa ba. Hannunsa ya fi na kowa zaƙi. In ya miƙe yana ba da labari, har masu karta sai sun ajiye ta su kalla. Shi ya sa muka zaɓe shi shugaba har sau uku. Amma ka ce masa famfo na yoyo, sai ya dafa kafaɗarka ya ce gobe.

Ɗakin taronmu a saman bene yake, ƙofar titi kuma in ta rufe sai daga ciki. In ka danna ƙararrawa, jan ƙwan fitila ne ke walƙiya a sama. Wayar ƙararrawar ta tsinke shekarar da na haifi autata. Har yarinyar ta shiga aji huɗu ba a gyara ba, da rabin bulo muke tokare ƙofar. Lokacin babu wayar hannu. Ranar da bulon ya zame, tsohuwa Casilda ta yi awa guda a cikin sanyi da ciwon gwiwarta. Ya ba ta haƙuri mai kyau. Ya ce gobe.

Dab da ritayarsa aka tura shi babban taro a Madrid. Aka gabatar da shi da sunan, zaure ya kwashe da dariya. Ya dawo abin na cin sa, ya ce Lahadi da ƙarfe huɗu za a zauna a canza.

"Zaki nake so," in ji shi, ya zana geza a wuyansa.

Casilda ta dubi sanƙonsa. "Yaro, ina gashin?"

"Iya, shekara ashirin ina yi muku hidima!"

"Ƙwarai. Gwiwata ma tana gaishe ka."

Ranar Lahadi aka tashi da ruwa. Na ƙirga kawuna, kowa ya zo sai shi. Na sauka na ɗauke bulon, na hau da shi na ajiye ƙarƙashin kujerata. Muka ci wainar ƙwai da dankali, muka sha kofi, aka raba karta. Wani ya tambaya ina shugaba. Na ɗaga kafaɗa.

Ƙarfe shida na sauka na buɗe. Yana tsaye cikin kwat ɗin aurensa, ruwa na bin sanƙon, yatsa a kan ƙararrawa. Awa biyu mai gyaran wuta na danna abin da ya san ya mutu. Tun da na san shi ban taɓa ganin hannunsa ya yi shiru ba sai ranar.

Litinin da safe ya zo da tsani da filaya. Ni na riƙe masa tsanin, na kuma duba agogo. Minti goma sha biyu.

Lahadi ta zagayo, fitila na walƙiya duk wanda ya iso. Ya buga ƙafa a daɓen katako har girgizar ta sa muka juyo gaba ɗaya.

"To, na gyara. Sunan fa?"

Casilda ta gama raba karta a hankali. Ta tashi da sandarta, ta tako har gabansa, ta dafa kafaɗarsa.

"Ka cancanta, yaro. Za mu canza."

"Yaushe, Iya?"

Mu ashirin da uku ne a ɗakin. Tare muka ɗaga hannu muka ba shi amsa.