Ruwan Alwalar Baba

A gidanmu ba a alwala a tsakar gida. Duk wanda ya ɗauki buta sai ya zagaya bayan ɗakin Inna, inda ɗan lambunta yake, ya tsuguna a gindin wata shuka, ruwan da ya sauko daga hannu da fuska da ƙafa ya tafi inda zai yi amfani. Haka na buɗe ido na tarar. Ko baƙo ne ya zo, Inna ba ta jin nauyin ce masa, "Malam, taimaka ka yi mini ita a gindin barkonon can." Da damina ba a damu ba, sama na yin aikinta. Amma da zarar kaka ta kama, ruwa ya ɗauke, to lambun nan da sallolinmu biyar yake rayuwa.

Ba wani babban wuri ba ne, tabarma huɗu za su rufe shi. Kuɓewa ce a tsakiya, yakuwa a jikin danga, sai barkono, da kabewar da ke hawa rufin ɗaki ba tare da an gayyace ta ba, da zogale guda a kusurwa. Sai kuma furen Inna. Wani ɗan fure ne rawaya mai jan ciki, tsayinsa ba ya wuce gwiwa, kuma duk ƙauyenmu babu wanda ya san sunansa. Ta taɓa zuwa birni dubiya, ta gan shi a wani gida, ta roƙo 'ya'yansa ta ƙullo a bakin mayafi. Matan unguwa sun daɗe suna yi mata tsiya a kansa, su ce, "Wannan kuma miyar me ake yi da shi?" Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce ai ido ma yana jin yunwa. Ni dai ban taɓa mayar da hankali a kansa ba. Kowace shekara ina ganinsa a wurinsa, kusa da wata fasasshiyar randa, na ɗauka da kansa yake fitowa kamar tafasa.

Kuɓewar ce abin taƙamarmu. Gajeriya ce mai kauri, ga yauƙi, kuma ba ta saurin tsufa. Daga gidan kakarmu Inna ta zo da irinta tun ranar da aka kawo ta, a cikin ɗan gora da toka. Duk kaka sai ta zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau, ta yagi bakin tsohon zane ta ɗaura musu. Abin da aka ɗaura wa tsumma iri ne, an bar shi ya bushe a jikin uwarsa, kuma ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ko da tuwo zai kwana ba miya, ba a taɓa shi. Na taɓa tsinko guda ina ƙarama, har yau kunnena na hagu bai manta ba.

Inna ta rasu a farkon shekarun nan na fari, Allah ya jiƙanta. Da shekara ta zagayo, damina ta zo da ruwa biyu ta yi shiru. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake, ta kuma ƙonewa. Gonakinmu manne suke da juna, inda ta wani ta ƙare nan ta wani ta fara, babu wani daji da mutum zai shiga ya samo abin sawa a baka, kuma a shekarar duk launi ɗaya suka yi. Geron da Baba ya yanka bai kai rabin gindin rumbu ba. Maigidana ya bi sauran maza kudu cin rani tun lokaci bai yi ba, ni kuma na ɗauko goyona na dawo wurin Baba, wanda ya rage daga shi sai akuya ɗaya a gidan.

Na tarar ya riƙe lambun iya ƙarfinsa. Shi ma sau biyu ya yi shuka, kuma a ta biyun ya juye goran kakaf, ko ƙwaya bai rage ba. Gindin kuɓewa shida suka tsira. Yakuwa ta tsumbure, kabewa ko leƙowa ba ta yi ba, barkono biyu na tsaye kamar dole aka yi musu. Furen kuma guda ɗaya tal, a wurinsa na kullum. Ranar da na iso, tun kafin in sauke goyo, na shiga ɗakin Inna na ɗauko wani tsohon zanenta mai ruwan bula. Na ga an ɗan yagi bakinsa, amma zannuwan Inna duk haka suke, ban kawo komai a raina ba. Na yaga, na fita na ɗaura wa 'ya'yan kuɓewa tara. Idan waɗannan suka ƙosa suka bushe, muna da iri baɗi. Idan suka yanƙwane a hanya, kuɓewar Inna ta ƙare ke nan, kuma a hannuna ta ƙare. Wannan tsoron shi nake kwana da shi, shi nake tashi da shi.

Ruwa ne matsalar. Rijiyar unguwarmu ta ja da baya har sai da muka ƙara wa guga igiya sau biyu, kuma in ya fito rabinsa laka. Tun sallar asuba mata ke jeruwa da tuluna. Tulu biyu nake samu a yini, in an yi sa'a, a ciki za a sha, a dafa ɗan abin da ya samu, a wanke goyo, a yi salla. Tafin hannuna ya yi kanta, kantar ta fashe, ta sake yin wata. Liman ya sanar a masallaci cewa wanki ɗaya-ɗaya ya wadatar a alwala, Allah ya san halin da ake ciki. Sauƙi ne a gare mu, amma ga lambun ragi ne, domin abin da ke zuba a gindin shuka ya koma kashi ɗaya cikin uku. Na haƙura da yakuwa da barkono. Ruwan wankin kwanuka, ruwan wankin goyo in babu sabulu a ciki, da alwalata, duk na mayar da su kan kuɓewa.

Baba kuwa sau biyar a rana sai ya ɗauki butarsa ya wuce kuɓewar nan kamar bai gan ta ba, ya je ya tsuguna a gindin fure.

Ni ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake ce mini, kuma hira ba ta taɓa yin tsawo a tsakaninmu ba. Inna ce mai kai magana daga wannan zuwa wancan, yanzu kuma babu ita. Na gaji bakin Inna, amma haƙurinta ban samu ko kaɗan ba. Kwana uku ina haɗiyewa, a na huɗu na durƙusa a gefensa bayan ya idar da azahar.

"Baba, don Allah ka riƙa yin alwalar a gindin kuɓewar nan. Ita ce mai iri."

"To," in ji shi.

Da la'asar sai ga shi a gindin fure. Washegari ma haka. A ranar na dawo daga rijiya hannuna na jini, goyo na tsala kuka a bayana don nono ya yi ƙasa, na iske shi yana shafar kai, ruwan na ɗiga a kan ganyen abin nan. Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

"Baba, wai fure za mu kaɗa baɗi?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Na ji." Daga wannan sallar ya koma gindin kuɓewa, bai sake kuskurewa ba. Na ji kunya, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi fiye da kunyar. Cikin 'yan kwanaki ganyen kuɓewa ya daina sunkuyawa da rana, 'ya'yan nan tara suka yi ɓul-ɓul, suka fara tauri.

Na zuba ido in ga furen ya mutu, sai ya ƙi mutuwa. Yakuwar da ke gefensa ta bushe ƙayau, shi kuwa ganyensa shar. A lokacin ne kuma Baba ya fara cewa jiri na ɗibarsa in ya miƙe. Leɓensa ya tsattsage, muryarsa ta dushe. Na ɗauka yunwa ce, domin kowa haka yake a shekarar, sai na riƙa ƙara masa kunu daga rabona.

Wata rana da hantsi igiyar guga ta tsinke, na dawo gida da wuri da tulu ba komai. Na leƙa bayan ɗaki don in duba kuɓewa, sai na hango shi a durƙushe, ya ba ni baya. Moɗar ruwan shan da na ajiye masa da safe ce a hannunsa. Yana tsiyayawa a hankali ta tsakanin yatsunsa don kada ƙasar ta zaizaye, har ya juye ta tas, sannan ya kai jiƙaƙƙen hannun ya shafa a leɓensa. Na ja da baya bai gan ni ba. Na shiga ɗakin Inna na zauna. Na ji haushinsa, na ji haushin furen, kuma Allah ya yafe mini, har ita Inna na ji haushinta da ta tafi ta bar mini tsoho yana kashe kansa da ƙishirwa a kan abin da ba a ci.

Washegari aka yi rasuwa a unguwar da ke gaba da mu, abin da ya yi yawa a shekarar, Baba ya ɗauki sandarsa ya tafi jana'iza. Yana fita na zagaya. Ban tsaya tunani ba, don na san in na tsaya ba zan iya ba. Na kama furen ta sama na fizge, ya taho ba gardama, da ɗanyar ƙasa a saiwarsa. Na cilla wa akuya. Ta daɗe ba ta ga ɗanyen abu ba, nan take ta fara da kawunan, da masu launi da waɗanda suka fara duhu, ta bi da ganyen. Ina tsaye ina kallo, har ina ce wa kaina yau dai Baba zai sha ruwansa.

Da ta cinye ganyen ƙasa ne karan ya fito fili, sai na ga wani abu ɗaure a jikinsa, dab da saiwa. Ɗan tsumma ne mai ruwan bula, an yi masa ƙulli biyu irin na maza. Na yi tsalle na fizge karan daga bakinta, amma babu sauran kai ko ɗaya a jikinsa. Na buɗe bakin akuyar nan da hannuna kamar mahaukaciya, tana ta ihu. Kusan wata guda ina shiga lambun nan safe da yamma, ban taɓa sunkuyawa na dubi gindin furen ba.

Baba ya dawo gab da la'asar. Ya jingine sanda, ya ɗauki buta ya zagaya. Na bi bayansa da karan a hannu. Na same shi tsaye a kan ɗan ramin da ke kusa da fasasshiyar randa, butar na rataye a yatsansa.

"Baba, ni ce. Wallahi ban ga tsumman ba."

Bai juyo ba. Can ya ce, "Kwana bakwai nake nema masa. Kawunan sun fara baƙi."

"Na ɗauka da kansa yake fitowa."

"Babu abin da ke fitowa da kansa a wurin nan. Duk kaka ita ke ɗibar 'ya'yansa, ta ƙulle daban, ta sa a ƙasan goran. Ƙullin ƙarshe na shuka bana. Wannan kaɗai ya fito."

Kuka ya ci ƙarfina. Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa mini ba? Da ka ce mini iri kake jira, ai da na raba ruwan."

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. Babu faɗa a fuskarsa, mamaki ne kawai.

"Ai na ɗaura tsumma," in ji shi.

Ya wuce gindin kuɓewa ya tsuguna ya yi alwalarsa, wanki ɗaya-ɗaya, ya tafi masallaci.

Kuɓewar ta ƙosa. 'Ya'ya takwas cikin tara suka bushe har suka fara tsagewa da kansu, na ɓare su a faifai, na gauraya da toka na zuba a goran Inna. Irin yana nan har yau. Na ba 'ya'yana, na ba maƙwabta, an kai shi ƙauyukan da ban taɓa takawa ba. Furen kuwa na neme shi. Da damina ta dawo na tsare wurin ko wata ƙwaya ta taɓa faɗuwa ta ɓuya a ƙasa, tafasa ce kawai ta fito. Na tambayi masu sayar da iri a kasuwar Ɗambatta, daga baya na bi masu sayar da furanni a bakin titi a birni ina kwatance, rawaya mai jan ciki, ba ya wuce gwiwa. Sun nuna mini iri-iri, wasu sun yi kama, amma babu shi. Ko sunan da zan tambaya da shi ba ni da shi.

Ranar da na cire kuɓewar ƙarshe, lambun ya zama babu sauran abin da ke jiran ruwa. Da azahar Baba ya ɗauki butarsa ya zagaya, ya wuce busassun karare, ya je ya tsuguna kusa da fasasshiyar randa, a kan wurin da babu komai. A nan ya ci gaba da alwala sau biyar a rana, shekara biyu da wani abu, har Allah ya karɓi abinsa. Ni nake cika masa butar, kuma ban sake ce masa ruwa ya yi kaɗan ba.