Birkilan da Yake Danna Ɗaya

Zacharias birkila ne, ɗan wani ƙauye a bayan Kwali. Ni Salisu, tare muka yi aiki a shekarun da gidaje suke ta tashi a Gwarinpa da Jabi cikin Abuja, kwangila na bin kwangila. Shi yana jera bulo, ni ina bin sa da filasta. Dogo ne, mai dariyar da ake jiyowa daga hawa na uku. In ya tsaya gaishe ka, to ajiye abin da ke hannunka. Sai ya tambayi gajiya, da iyali, da mutanen gida, har akuyarka in ya san kana da ita. Nakan ce, "Kai Zaka, siminti zai bushe kafin ka gama!" Sai ya ce ai siminti ba ɗan'uwansa ba ne.

Wata rana katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo da baya. Ya rayu, amma hawa gini ya ƙare masa. Ya koma ƙauye da sanda. Matarsa Christina, mai ginin tukwane, ita ta riƙe gidan. Duk sanda na je sai in tarar ya ƙara ramewa, yana zaune a inuwar rumbu yana kallon hannayensa. Dariyar nan ta ɗauke. Wallahi abin yana ci mini rai.

A asibitin da yake karɓar magani aka sa shi cikin binciken Dakta Zuhra, masaniyar halayyar ɗan Adam a Abuja. Ba zan ɓata ta ba, da niyya mai kyau ta zo. Ta ga masu ciwon damuwa sun cika ƙauyuka, likitocinsu kuwa ba su taka kara sun karya ba, sai ta ce a riƙa bin su ta waya. Ta naɗi muryarta, na'ura na kiran mutum kowane mako: "Ina kwana? Yaya jiki? In lafiya kake, danna ɗaya. In ba lafiya, danna biyu." Wanda ya danna biyu, mutum na gaske zai kira shi su yi magana.

Christina ce ta gaya mini yadda yake yi. Da wayar ta yi ƙara sai ya gyara zama, ya ce da ƙarfi, "Lafiya lau, mun gode Allah," ya danna ɗaya. Sannan ya fara nasa: "Yaya aiki, Dakta? Yaya yara?" Kafin ya rufe baki layin ya yanke. Christina ta ce masa ya danna biyu mana. Ya ce, "Haba, babbar mace ta gaishe ni, in tare ta da kuka? Bari mu gama gaisawa, za ta tambaya." Shi a ganinsa Daktar ce da kanta take kira, aiki ne ya yi mata yawa take katse layin.

Haka ya yi ta danna ɗaya, su kuma can ofis suka sa shi cikin waɗanda suka samu sauƙi. Abinci ya daina shiga. Da damina ta yi nisa ya kwanta, bai tashi ba. Likita ya ce hawan jini ne. Ni dai na san baƙin ciki ne ya cinye abokina, ba wanda zai gaya mini wani abu daban.

Dakta Zuhra ta zo ta'aziyya da kanta, ta cire takalmi ta zauna a tabarma. Na so in zazzage mata abin da ke cikina, na dai daure. Idanun Christina sun kumbura, muryarta ta dushe. Daktar ta dube ta, ta ce, "Mama, yaya haƙuri? Yaya jiki?"

Christina ta ce, "Lafiya lau, Dakta. Mun gode Allah."

Daktar ta ƙura mata ido. Can sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ba wanda ya yi mata bayani, da kanta ta gane.

Daga baya ta rushe tsarin gaba ɗaya. Yanzu mutum ne yake kira, a gaisa sosai tukuna, sannan a tambayi barci da cin abinci da abin da ke damun zuciya. Ta rubuta abin da ta gano, an ce har masu irin aikinta a wasu ƙasashe suna koyi da shi. Na ji ta a rediyo tana cewa wani magini ne ya koya mata. Bai koya mata komai ba, Allah na tuba, mutuwa kawai ya yi.

Christina tana cikin waɗanda ake kira yanzu. Rannan na kai mata doya na same ta a gindin tukwanenta, waya a kunne, tana magana tana share hawaye da bayan hannu, duk yumɓu a kumatunta. Na jira har ta gama. Ta ajiye wayar a cinya, ta ce, "Malam Salisu, yarinyar nan mai kira tana da haƙuri, tana jira har in gama gaisuwa. Ina ma shi ma sun jira shi."