Rubutun da Baba Yake Iya Gani

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsara layin motoci a tashar Gadarif. Dokata ita ce kowace mota ta tsaya a gurbinta, a manna mata takarda a gilashi da sunan garin da za ta, da siririn rubutun na'ura. Haka nake so: miƙaƙƙe, babu ado.

A bakin tashar akwai wani mai rubuta wa motoci suna da fenti. Ban ɗauke shi da daraja ba. Haruffansa masu ƙiba ne, suna jingina da juna kamar mutanen da suka ƙoshi, ɗigonsu kamar lemun tsami. Sau biyu na ce masa wannan wasa ne, ba rubutu ba. Ya ce ai mota ba kotu ba ce.

Mahaifina kuwa duk ranar Alhamis yakan je Doka duba gonarsa ta dawa, shi kaɗai. Idonsa ya yi rauni, amma ba ya tambayar kowa hanya, don a ganinsa wanda ya sauke Alƙur'ani bai kamata ya tsaya ana karanta masa sunan gari ba. Wata Alhamis ina can wajen raba faɗan direbobi, ya shiga motar Basunda maimakon ta Doka. Sai la'asar wani direba ya maido shi. Yayana ya yanke hukunci a gaban kowa: Baba ya daina tafiya shi kaɗai. Baba ya yi kwana uku bai fito zaure ba.

Na zauna na bi abin daki-daki. Da farko, motocin duk farare ne. Na biyu, takardata ce bai gani ba. Na uku, mutumin da ya koyi karatu a allo, da alƙalamin kara da tawada mai kauri, idonsa bai taɓa sabawa da siririn rubutu ba, balle yanzu.

Na nemi katako na kai wa mai fentin. Ya dube ni ya yi dariya.

"Ya ustaz, yau kotu ce ta zo wajen 'yan wasa?"

Na ce ya rubuta Doka kawai. Ya yi ƙasan rawaya, haruffan baƙaƙe. Haruffan Larabci ne: dal ya zauna daram, wau ya yi kai kamar tulu, kaf ya miƙa hannu sama kamar mai tsayar da mota. Ina tsaye na ga abin da ban lura da shi ba a da: duk wasan nan a aune yake. Da zare ya raba tazarar, kuma babu harafin da ya shiga hakkin ɗan'uwansa.

Na kafa katakon a gaban motar Doka. Ranar Alhamis muka kawo Baba, muka tsaya can wajen masu shayi, taku kamar arba'in daga layin. Yayana ya ce ya nuna motarsa. Baba ya kare rana da tafin hannu, ya karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya da muryar karatun allo, sannan ya juyo wajen yayana.

"To, babba, in tafi ko sai ka riƙe mini hannu?"

Yayana ya miƙa masa sandarsa. Ya ce amma ya dawo kafin magariba.