Layin da Baba Ya Bari a Kan Gilashi

Na'urar nuna hanyar nan ba tawa ba ce tun asali. A motar yayana take, da ya sayar da motar sai ya ɓalle ta ya miƙo mini. Ni kuwa Allah Ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi, duk abin da ke da waya sai na ga cikinsa. Kwana biyu ina juya ta, a na uku na ce sai ta hau mashin ɗina.

Ƙafarta roba ce mai manne wa gilashin mota, mashin kuwa ba shi da gilashi. Wani mai walda a bayan Kasuwar Kurmi ya lanƙwasa mini ƙarfe ya ɗaure a gindin madubi, na yanko tsohon tif na shimfiɗa mata don kada girgiza ta kashe ta. Saura wuta. Wani mai wayarin ya sa mini soket irin na mota da fis, ya ce in bari ya bi da jar wayar ta makulli, yadda in na kashe mashin ita ma za ta mutu. Na ce a'a, ya kai ta kan batir kai tsaye, ina so in riƙa kallonta ko a tsaye nake. Ya dube ni ya ce, "To, Malam, ai mashin naka ne." Washegari batir ya tashi ba ko ɗigon wuta, na yi ta buga kiki a ƙofar gida har maƙwabta suka fara yi mini sannu. Tun daga ranar nake zare soket in zan kwanta.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne iliminta. A kan titi ta san kowace kwana, har wata mata ke magana da Turanci daga cikinta. Amma da zarar na shiga lungunmu na Dukawuya sai fuskarta ta koma fari fat, 'yar kibiya tana yawo ita kaɗai kamar akuya a saura. A wajenta babu kowa a cikin birni.

A lokacin, duk Juma'a bayan masallaci nakan ɗauki Baba zuwa Yakasai ya gaida yayarsa, Goggo. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, Baba ne kaɗai ke leƙa ta. Shekaru ina kai shi amma ban san hanyar ba, domin daga Kurmi ba ya yarda mu bi titi. Lungu muke bi, yana matsa mini kafaɗar dama ko ta hagu, ni kuma hankalina yana kan kwata da yara. Da idonsa ya fara rauni, wata rana ya ce, "In na faɗi, wa zai je wa Goggonka?" Na ce ni mana. Ya ce in faɗo hanyar. A kwana ta uku na maƙale.

Juma'ar farko da na'urar, ya shafa ta da hannu kafin ya hau. Muna barin titi matar ta fara cewa mu juya. Na fassara masa.

Ya ce, "Ka ba ta haƙuri, mun riga ta zuwa garin."

Baba yana da doka a hanyar nan. Wuri uku ne ba a wuce su a kan mashin: ƙofar wani ƙaramin masallaci, da wani soro da ake karatu a ciki, da soron malaminsa, wanda ke gab da gidan Goggo. Malamin ya rasu tun ban yi wayo ba, soron ma a rufe yake, amma dole in murɗa makulli mu sauka in tura. Na sha yin gunaguni a ciki.

Da muka isa, na duba na'urar sai na ga abin da ban zata ba. A cikin farin filin nan ga wani shuɗin layi ya murɗe ya lanƙwashe, tun daga Kurmi har ƙofar Goggo. Ashe tana zana duk inda aka bi da ita. Da na ji maganar mai wayarin, da ta mutu sau uku a hanya layin ya yayyanke. Na yi ta danne-danne har na gano yadda ake ajiye shi. Baba ba ya iya gani, sai na kama yatsansa na bi da shi a kan gilashin.

Ya ce, "Har inda muke sauka ta rubuta?"

Na ce, "A'a, Baba, ba ta san mun sauka ba."

Ya ce, "To, wannan kai za ka riƙe."

Ba a yi wata uku ba Allah Ya karɓi abinSa. Juma'ar da ta biyo bayan addu'ar bakwai na fito ni kaɗai, kafaɗuna sakayau. Na buɗe layin da na ajiye a na'urar na bi shi a hankali. Sau biyu na kauce, 'yar kibiyar ta nuna mini na koma. A masallacin na sauka, a soron karatu na sauka. Da na zo soron malamin, ban ma san lokacin da hannuna ya murɗa makulli ba.

Na turo mashin har ƙofa na yi sallama. Na tarar da Goggo a tsaye a tsakar gida, ta dafa bango, ita da ba ta cika tashi ba.

Ta ce, "Kai ne? Na ji an kashe mashin a soron Malam, sai na ce ga ƙanena nan."

Na durƙusa na gaishe ta. Ita ce ta shimfiɗa mini tabarmar da Baba yake zama a kai.