Guɗar Mama a Prague

Muna idar da sallar asuba muka bar gidanmu da ke titin Gate City Boulevard, ni da Mama da ƙanwata, muka kama hanyar filin jirgin Charlotte. Kar wanda ya ce mini wai na more, na je Turai. Tafinta da dakon akwati aka kai ni.

Ƙanwata tana kaɗa violin a ƙungiyar kiɗa ta 'yan makaranta, sai aka gayyace su wani bikin kiɗa a Prague, babban birnin ƙasar Czech. A gidanmu ba a cewa violin, goge ake cewa, kuma kun san abin da goge yake tuna wa mutanenmu: bori da zaman banza. Duk taron sunan da muka je sai wata Anti ta ja Mama gefe ta yi mata maganar. Da Baba ya gaji, ya ce Mama ta bi ta, ta gani da idonta. In wurin bai yi mata ba, ranar da muka dawo an gama da goge a gidan nan.

Mun yi jira a Jamus har ƙafata ta kumbura. Prague gari ne mai kyau, ba zan hana shi ba, amma titunansa duk duwatsu ne aka jera, ni kuwa ina jan akwati biyu a kai. Jirgin ƙasa yana ratsa tsakiyar titi tare da motoci, ƙararrawa kawai zai buga maka, in ka ga dama ka kauce. Abinci kuma kusan duk inda muka leƙa alade ne da giya, ruwan sha ma sai ka nema. Kwana huɗu muna kan shawarma da garin rogon da Mama ta ƙunso.

Rana ta biyu aka kai mu gidan wasan 'yartsana, irin na katako da ake ja da zare. Manya da furfurarsu sun zauna suna kallo. Mama ta ce, “Yanzu wannan tsohon ba shi da jikoki ne?” Ƙanwata ta kalle ni, idonta ya ciko.

Ranar wasansu da la'asar ta riƙe hannuna, ta ce da Turanci in faɗa wa Mama: kiɗan kashi uku ne, ba a tafa wa masu kiɗa sai an gama na ƙarshe. Na ce to. Ina fama da ciwon ƙafa da ajiye rigunan sanyi wurin masu tsaro, na manta.

Zauren ya sha ado, kowa cikin kwat, ba mai ko duba waya. A ƙarshen kashi na farko ƙanwata ta miƙe ta kaɗa ita kaɗai. Ni da nake rufe ƙofa in tana koyo a gida, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ta gama. Shiru.

Mama ta waiga dama, ta waiga hagu.

“Ba mai tafa mata? Duk wannan aikin?”

“Mama, tsaya, ai...”

“Ke, rufa min baki. Baƙin ciki ne.”

Ta miƙe da mayafinta, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa irin ta garinsu Maraɗi. Mai jagorantar kiɗan ya juyo da sandarsa a sama. Na so ƙasa ta tsage. Wata tsohuwa a gabanmu ta fashe da dariya ta tafa, wasu kaɗan suka bi ta, aka ci gaba.

Har muka sauka Charlotte ƙanwata ba ta yi wa ɗayanmu magana ba.

Baba bai bari mun ajiye kaya ba ya ce, “To, Hajiya?”

Mama ta ce, “Alhaji, gidan makoki ya fi wurin nan hayaniya. Ko tari ba sa yi. A bar ta da gogenta. Amma duk inda za ta kaɗa da ni za a je, don mutanen nan ba su san yadda ake yaba yaro ba.”

Ƙanwata ta rasa murna za ta yi ko kuka.

Abin da na koyo: in aka ba ki saƙo ki kai wa Mama, ki kai nan take. Ni dai na huta, wasa na gaba su nemi wani tafinta.